Karen Da Zai Zauna Da Yaro Mai Naƙasa: Halinsa Ake Dubawa Kafin Irinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a Kafancan, ko a ɗaya daga cikin garuruwan da ke kewaye da ita kamar su Kagoro da Zonkwa da Mancok da Kwoi, ya san cewa da zarar dare ya raba, haushin karnuka ne ke karɓe gari. Kare ba baƙo ba ne a gidajen kudancin Jihar Kaduna. Tun kafin hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta iso Kafancan a shekarar 1927 ta mai da wurin babbar mahaɗa, mutanen ƙasar, watau Fantswam da Bajju da Atyap da Agworok da Ham da maƙwabtansu, suna ajiye karnuka domin farauta da gadin gida da korar birai daga gonaki. Fulani makiyaya ma da nasu karnukan da ke bin garke. Har yanzu bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga watan Janairu na kowace shekara yana tuna wa jama'a buɗe lokacin farauta, aikin da kare ke da babban rabo a cikinsa.

To, amma akwai wata tambaya da wannan tsohon sabo bai amsa ta ba. Ga magidanci yana da ƙaramin yaro, ɗan shekara 4 ko 5, wanda aka haife shi da shanyewar gaɓoɓi, ko sanƙarau ya bar shi kurma, ko ƙyanda ta tafi da idanunsa. Sauran yara sun tafi makaranta ko sun fita wasa, shi kuwa yana tsakar gida shi kaɗai, uwarsa tana fama da aiki. Sai wani ya ba da shawara a samo masa kare ya riƙa ɗebe masa kewa. Ko kuwa da ma gidan na buƙatar kare saboda tsaro. Wane kare ne za a kawo wanda ba zai zama masifa ga yaron ba?

Kafin a shiga amsar, yana da kyau a taɓa batun addini a taƙaice, domin Kafancan gari ne na Kirista da Musulmi, kuma sau da yawa gidan haya guda ne ke haɗa su. Malaman Musulunci sun yi bayanin cewa an yi rangwame a ajiye kare saboda farauta ko kiwo ko gadin gona, wasunsu kuma suka yi ƙiyasin gadin gida a kan haka idan buƙata ta kama. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasar nan ke bi, ana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, ko da yake an yi umurni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malaminsa. Abin da ya shafi kowa dai shi ne, ba a kawo kare gidan da ake zaune da wasu ba tare da an shawarce su ba.

Kare Ɗan Jagora

Da yawa daga cikin iyaye sun ji labarin karnukan ƙasashen Turai masu yi wa makafi jagora, sai su zaci irinsu za su samu da zarar sun sayi karen Turawa. Labarin gaskiya ne. An buɗe makarantar farko ta horon irin waɗannan karnuka a garin Oldenburg na ƙasar Jamus a 1916, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta bi sahu a 1929, Ingila a 1931, Afirka ta Kudu kuma a 1953. A 1975 aka kafa wata ƙungiya a jihar Kalifoniya ta Amurka wadda ke koya wa karnuka ɗauko abin da ya faɗi ƙasa da buɗe ƙofa domin masu tafiya a kan keke.

Sai dai fa irin wannan kare ba a kasuwa ake sayensa ba. Tun yana ciki ake zaɓen iyayensa, sa'an nan a shafe wajen shekara 2 ana renonsa ana horar da shi, kuma duk da haka akan fitar da masu yawa daga cikinsu saboda sun kāsa. Daɗin daɗawa, makarantun ba su cika ba ƙaramin yaro kare ɗan jagora ba, domin sai mutum ya iya ba kare umurni, ya kuma iya kula da shi. Inda aka ba yaro karen taimako, babba ne ke riƙe da igiyar. Saboda haka abin da iyali a Kafancan za su nema shi ne karen gida mai sanyin hali, abokin zama, ba ma'aikaci ba.

Shi ma abokin zaman yana da amfaninsa, kada a raina. Yaron da ke ƙyuyar motsa jiki yakan miƙa hannu, ko ya ja jiki, domin ya kai ga karensa, wannan kuwa motsa jiki ne irin wanda ma'aikatan asibiti ke roƙon iyaye su sa yara su yi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna cewa yara masu tafiya a kan keke sun fi samun murmushi da gaisuwa da hira daga mutane idan suna tare da kare. Duk wanda ya san yadda ake keɓe yaro mai naƙasa a unguwa ya san girman wannan abu. Amma kare ba magani ba ne. Ba ya warkar da kurumta, ba ya miƙar da ƙafa, kuma wanda ya ce karensa na sanin zuwan farfaɗiya tun kafin ta zo, to, ba abin dogaro ba ne da za a jingina ran yaro a kansa.

Mai Gadi Dabam, Abokin Yaro Dabam

Babban kuskuren da ake yi shi ne neman jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kudancin Kaduna ya sha fama da rikice-rikice da hare-hare, don haka ba abin zargi ba ne magidanci ya so kare mai zafi a ƙofar gidansa. Masu hali sukan aika Jos ko Kaduna ko Abuja a kawo musu manyan karnukan waje irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu. Marasa hali kuwa sai su ɗauki karen gargajiya su kulle shi a duhu, su ɗaure shi da sarƙa yini guda, har akan ji wasu na zuba masa barkono a abinci wai don ya ƙara zafi. Sa'an nan a juyo a ce wannan karen shi ne zai yi wasa da yaron da ko gudu ba ya iyawa. Wannan ganganci ne.

Namijin Boerboel yakan kai kilo 60 ko fiye, yaro ɗan shekara 4 kuwa da ƙyar yake kai kilo 16, balle wanda lalura ta hana shi ƙiba. Ko da wasa irin wannan kare ya ɗora masa ƙafafun gaba, ya kayar da shi. A shekarar 2014, a unguwar Igando ta birnin Ikko, karnukan gadi na gidan da iyayen wani yaro ɗan shekara 4 ke haya sun yi masa mummunan rauni a kai, har sai da aka fita da shi ƙasar Indiya neman magani. Yaro ne lafiyayye, mai ƙafafun gudu. Game da sarƙa kuma, wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga a 1994, ya gano cewa karen da ake ɗaurewa ya fi wanda ba a ɗaurewa yiwuwar cizo kusan ninki 3. Dalilin a fili yake: dabbar da ba ta da hanyar gudu idan ta tsorata, haƙori kaɗai ya rage mata.

To, ko wannan na nufin akwai wani iri da za a ce shi ne amintacce? A'a. A ƙasashen Turai an fi yabon Labrador da Golden Retriever saboda sauƙin kai, su ne kuma aka fi horarwa domin jagora. Amma a 2022 masana a Amurka suka buga sakamakon wani babban bincike a kan karnuka fiye da 18,000, suka tarar cewa irin kare bai bayyana fiye da kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan ba. Watau akwai Labrador mai cizo, akwai kuma karen gargajiya mai haƙurin damo. Iri yana gaya wa mutum girman da kare zai yi da ƙarfin muƙamuƙinsa, waɗannan kuwa abin lura ne ƙwarai, amma ba ya gaya masa zuciyarsa.

A nan ne karen gargajiya ya cancanci a yi masa adalci. Da wuya ya wuce kilo 20. Gashinsa gajere ne, ana ganin kaska a jikinsa nan da nan. Ya saba da zafin rana da daminar kudancin Kaduna mai tsawo, yana cin tuwon masara da ragowar miya, ba ya kwanciya ciwo kowane wata kamar yadda karnukan waje kan yi idan kaska ta sa musu zazzaɓi. Aibinsa guda shi ne, da yawansu sun tashi da jifa da duka, sai suka zama matsorata, kare matsoraci kuwa yana cikin masu saurin kai cizo. Wanda aka rene shi da hannu mai taushi a cikin yara, ba shi da wannan aibi.

A Dubi Yaron Tukuna

Kare ba ya cizo haka kawai, sai ya yi gargaɗi. Yakan kau da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma ba don barci ba, ya kwantar da kunnuwa, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, farin idonsa ya bayyana. Idan ba a kula ba sai jikinsa ya sandare, ya yi gurnani, ya yaye leɓe haƙora su fito. Bayan wannan sai cizo. Babba yana ganin waɗannan alamu ya ja da baya. Ƙananan yara kuwa, ko lafiyayyu, ba su iya karanta su ba. Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna wa yara hotunan karnuka masu yaye haƙora, yara da yawa suka ce wai karen murmushi yake yi. Kuma saboda fuskar ƙaramin yaro daidai take da bakin kare, raunukan da yara ke samu sun fi yawa a fuska da kai da wuya. Akasarinsu kuma ba baƙon kare ne ke yi ba, na gida ne ko na maƙwabta.

Naƙasa takan toshe wa yaro ɗaya daga cikin ƙofofin da gargaɗin ke shigowa ta cikinsu, saboda haka kowane yaro da irin karen da zai dace da shi. Kurma ba ya jin gurnani, kuma ba ya jin tahowar kare ta bayansa, sai dai ya ji an taɓa shi ya zabura, zaburarsa kuma ta tsorata karen. Ba ya kuma jin kiran uwarsa idan ta hango haɗari daga ɗakin girki. Shi yana buƙatar karen da idan ya gaji yakan tashi ya bar wurin, ba mai tsayawa ya yi gurnani ba. Alherin da ke ciki shi ne kare na saurin koyon alamar hannu, har yakan fi gane ta bisa ga magana, don haka yaro kurma zai iya sa karensa ya zauna ko ya zo, abin da ke faranta ran yaro matuƙa.

Makaho kuwa yana jin gurnani, amma ba ya ganin inda kare ke kwance. Zai taka masa wutsiya, zai yi tuntuɓe da shi, zai lalube shi a fuska da hannu domin da hannu yake gani. Karen da ke zabura da cizo idan an tashe shi daga barci bai dace da wannan gida ba ko kaɗan. Ƙaramar ƙararrawa a wuyan kare tana taimakawa ƙwarai, haka kuma sabar masa da wurin kwanciya guda wanda yaron ya sani.

Wanda ya fi buƙatar lura shi ne yaro mai shanyewar gaɓoɓi ta dalilin taɓuwar ƙwaƙwalwa, lalurar da ke biyo bayan doguwar naƙuda ko shawarar jarirai da ba a yi maganinta da wuri ba. Hannunsa yakan damƙe abu ya kāsa saki, ba da nufinsa ba. Idan abin da ya damƙe kunnen kare ne, to, sai kare mai haƙuri na gaske. Jikinsa yakan yi fizga, muryarsa takan fita da ƙara dabam da ta sauran yara, wasu karnuka kuwa, musamman na farauta, motsi irin wannan yana tayar musu da halin kamun nama. Shi ya sa ƙwararren karen farauta, komai ƙaunar da maigida ke yi masa, ba shi ne abokin wannan yaro ba. Haka nan yaron da ke rarrafe ko jan gindi. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Nijeriya da nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma akwai sauran lalurorin da ke hana yara miƙewa, kuma yaron da ke ƙasa kullum, a idon kare tsaransa ne, mai yi masa takara a kan kwanon abinci.

Akwai kuma yara masu lalurar da likitoci ke kira otizim, waɗanda ba su cika magana ba, ƙara kuma na damunsu. Wasu daga cikinsu sukan sami natsuwa idan kare ya kwanta kusa da su, wasu kuwa haushi ɗaya ya isa ya hargitsa musu yini. Ba a sanin wanne ne sai an gwada, a kai yaron gidan da ke da kare mai sanyi sau da dama, a ga yadda zai yi. Idan yaro ya nuna tsoro, a bar maganar. Mai farfaɗiya kuma, duk lokacin da ta tashi, a fara fitar da kare daga wurin, domin an sha samun karen da ya ruɗe da shure-shuren mai shi ya kai masa cizo. Yaro mai amosanin jini, watau sikila, saifarsa ba ta aiki sosai, don haka ko ƙaramin cizo na iya sa ƙwayoyin cuta su shiga jininsa. Iyayensa su tambayi likita tun kafin a kawo kare.

Inda Za A Samo Shi

Hanya mafi sauƙi ita ce mafi haɗari, watau kasuwa. Ana cinikin karnuka a Kafancan da wasu kasuwannin yankin, babbar kasuwarsu kuwa tana Dawaki, cikin Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, inda fatake ke tara karnuka daga jihohin arewa da ƙasashe maƙwabta, a yi lodinsu zuwa kudu. Karen da ya zo ta wannan hanya ba a san uwarsa ba, ba a san dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi ba, sau da yawa kuwa dalilin shi ne ya fara cizo ko ya fara ciwo. An cusa shi cikin keji da wasu, sun ciji juna a hanya. A wajen shekarar 2013 masana daga sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun binciki ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a Zariya da Kafancan, suka sami alamar ƙwayar cutar haukan kare a cikin wasu daga cikinsu. Sayen karen kasuwa domin yaro cinikin biri a sama ne.

Abin da ya fi shi ne a nemi kare a gidan da aka sani, na dangi ko maƙwabci ko abokin aiki, inda akwai yara, inda kuma mutum zai je ya zauna ya ga karen da idonsa ba sau ɗaya ba. Mutane sun fi son ɗan kwikwiyo, suna cewa gara su tashi tare da yaron. Akwai gaskiya a ciki, amma kwikwiyo yana da haƙora kamar allura, yana tsalle, yana tauna duk abin da ya samu har da yatsun yaro da sandarsa, kuma ba a sanin ainihin halinsa sai ya kusa shekara 2. Uwar da ke ɗawainiya da yaro mai lalura, an ƙara mata jariri na biyu ke nan. Kare ɗan shekara 2 zuwa 5 wanda ya riga ya zauna da yara lafiya, halinsa a bayyane yake.

Idan dai kwikwiyon za a ɗauka, kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, domin a wurinta da wurin 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. A dubi uwar: in matsoraciya ce ko mai zafi, a haƙura. Wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin karnuka iri 5, ciki har da basenji na Afirka ta Tsakiya, sun bayyana a 1965 cewa tsakanin mako 3 zuwa mako 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin waɗannan makonni ya kamata ya ga sandar dogarawa, ya ji ƙarar keken guragu, ya saba da muryar yaron.

Gwajin hali kuwa babba ne zai yi shi, yaro na nesa. A shafa karen a ka da baya, a riƙe kunnensa a hankali, a ɗaga ƙafarsa, a taɓa wutsiya. A wuce kusa da shi yana cin abinci a ga ko zai sandare. A yar da kwano a bayansa: zabura ba laifi ba ce, abin dubawa shi ne ko zai dawo hayyacinsa nan take ya zo ya shinshina kwanon. A yi tafiya da sanda a gabansa, domin karen da aka saba duka yakan ɗauki kowace sanda abokiyar gaba, wannan kuwa ba zai zauna da yaro mai dogarawa ba. A tambayi maƙwabtan gidan, ba mai karen kaɗai ba, ko ya taɓa cizon wani, ko yana kashe kaji da 'yan awaki. Idan ya taɓa cizon yaro ko sau ɗaya, magana ta ƙare. Yana da kyau likitan dabbobi ya fiɗiye namiji ko ya yi wa mace aikin hana haihuwa. Wannan ba ya sāke halin kare gaba ɗaya, amma yana rage yawon dare, yana hana garken karnuka cika gida lokacin barbara, yana kuma kawar da haɗarin karya mai jego, wadda ko maigidanta takan ciza saboda 'ya'yanta.

Allura Da Tsutsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan ba mai tashi. Amma tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurarsa, aka san hanyar tare ta. Mutanen kudancin Kaduna ma sun yi sa'ar maƙwabtaka, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana can kan hanyar da ta bi ta Kagoro da Mancok ta hau tudun Jos. A can ake yin allurar riga-kafin karnuka, a can kuma ake gwada kan karen da ake tuhuma.

Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da wata 3, sa'an nan a riƙa maimaitawa kowace shekara kamar yadda aka saba a ƙasar nan. A je asibitin dabbobi, a karɓi takardar shaida mai kwanan wata. Allurar tana lalacewa idan ta bar sanyi, saboda haka wadda wani ya zaro daga aljihu a kasuwa tana iya zama ruwa ne kawai. A ranar 28 ga watan Satumba, wadda aka keɓe tun 2007 domin yaƙi da cutar a duniya, likitocin dabbobi a wurare da dama sukan yi allurar kyauta ko da rangwame.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsutsar ciki. Kashin kare, musamman na kwikwiyo, yana ɗauke da ƙwan wata tsutsa da kan daɗe a ƙasa. Yaron da ke rarrafe yana sa hannu a baki yana haɗiye su, tsutsar kuma ta bi jini ta kai hanta ko huhu, wani lokaci har ido. Ga kurma, wanda idanunsa su ne kunnuwansa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sai a riƙa ba kare maganin tsutsa, kwikwiyo kowane mako 2 har ya kai wata 3, babba kuma kowane wata 3, a kwashe kashinsa kullum da safe a binne, a shimfiɗa wa yaro tabarma, a wanke masa hannu da sabulu kafin cin abinci. Maganin kaska guba ne, a nisanta shi daga yaro, kada kuma ya taɓa karen sai jikinsa ya bushe.

Zaman Gida

Komai kyan halin kare, ba a barinsa shi kaɗai da ƙaramin yaro mai naƙasa, ko da na tsawon zuwa rijiya ne. Kuma yayarsa 'yar shekara 8 ba ta isa mai tsaro ba. Wannan doka tana da wuyar bi a gidan da uwa ke zuwa gona ko kasuwa, don haka tilas a yi wa kare wurinsa, ɗan shinge mai inuwa da ruwa, mai ƙofar da ake rufewa, inda zai ci abincinsa ya yi barci ba mai damunsa, inda kuma za a sa shi duk sa'ad da babba zai bar tsakar gida. Yaro ba ya shiga wurin. Ba ya rungumar kare a wuya, ba ya hawa bayansa, ba ya cin abinci a ƙasa kare na tsaye. Idan kare ya yi gurnani kada a doke shi, a raba su a binciki dalili, domin karen da aka hana gurnani da bulala, gaba ba zai yi gargaɗi ba. Gidan da ba a iya shirya wannan, ya fi musu su dakata har yaron ya ƙara wayo.

Yaron da ba ya magana ba zai ce kare ya yaƙushe shi ba, wanda kuma aka haifa da lalurar laka ƙafafunsa na iya zama ba sa jin zafi. Sai uwa ta duba jikinsa kullum wajen wanka. Gwiwar mai rarrafe ba ta rabuwa da ƙujewa, miyan kare kuwa idan ya taɓa buɗaɗɗen rauni yana iya shigar da cutar kamar cizo.

Idan tsautsayi ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, sa'an nan a nufi asibiti a ranar, kamar babban asibitin Kafancan. Ƙona gashin karen a shafa a rauni, ko ɗaure wurin da ganye, ba ya kashe ƙwayar cutar. Cutar takan kwanta wata 2 ko 3 kafin ta bayyana, amma cizon fuska da kai yana gajarta wannan lokaci saboda kusancinsa da ƙwaƙwalwa. Ana yin allurai a ranar farko da ta 3 da ta 7, da abin da likita ya tsara bayan haka, kuma rauni mai zurfi yana buƙatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa. Shi kuwa karen, kada a sayar da shi ga mahauta, kada a kore shi daji. A killace shi kwana 10 ana ba shi abinci, likitan dabbobi na dubawa, ba tare da an jinkirta allurar yaron ba. Idan ya mutu a cikin kwanakin nan, ma'aikatan dabbobi ne za su cire kan, ba mutanen gida ba, su sa shi cikin ƙanƙara a aika Vom.